Damin Kara a Ƙofar Mai Gari

Ban tsufa ba, kada wani ya ɗauka tsohuwa ce ke magana. Haƙorana suna nan cif, furfura ko ɗaya ba ni da ita. Amma na lura a ƙasarmu yanzu ba sai mutum ya tsufa yake fara cewa “a zamaninmu” ba. Abin da na buɗe ido na gani ya riga ni tsufa, ya mutu, an binne shi, ni kuwa ga ni da ƙafafuna. Kwanan nan na ji ɗiyar maƙwabtanmu tana tambayar uwarta amfanin tsohon ƙarfen da ke rataye a jikin itacen bedi a bakin majami'armu. Uwar ta ce na kiran sujadar Lahadi ne. Gaskiya ta faɗa, amma rabinta. Sauran rabin ne ya hana ni sukuni har na zauna wannan rubutu, ni da ba ni da haƙurin zama.

Ƙarfen ƙafar wata tsohuwar mota ne, ban san wanda ya tsinto shi ba. Da ina ƙarama murya biyu gare shi. Ran Lahadi a hankali ake buga shi, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai sallama a ƙofar surukai. Ran Laraba da damina kuwa, tun gari bai gama wayewa ba, sai ka ji shi ƙal-ƙal-ƙal ba numfashi, kamar gobara ta tashi. Wannan kiran gonar Ubangiji ne. Ƙauyenmu yana arewa da Agiye, tafiyar amalanke, mu Kirista kuma gidaje kaɗan ne a gefen gari, ana ce mana 'yan mishan. Da an ji ƙarfen Laraba kowa ya bar tasa gonar. Maza su saɓa sungumi ko hauya, mata su ɗauki ƙwaryar iri, mu yara a ɗora mana butocin ruwa. Har yau ina jin ƙarar safiyar nan a kunnena: kiran salla daga can cikin gari yana ƙarewa, jaki na kuka, sungumi na saran rairayi cak, cak, cak, mu kuma a bayan maza muna jefa ƙwaya muna rufewa da diddige. Ni ban taɓa iya rufe rami da kyau ba, sauri nake in wuce kowa. Kakata, wadda ta haifi babana, tana biye da ni tana gyarawa tana cewa, “Sarauniyar gaggawa, tsuntsaye na gaishe ki, sun ce Allah shi ƙara miki sauri.”

Gonar Ubangiji ba ta kowa ba ce a cikinmu. Tare ake shuka ta, tare ake noma da maimai, tare ake girbi, a zuba a babban rumbun da ke bayan majami'a, a liƙe bakinsa da laka. Ba a buɗe shi da kaka, lokacin da ko kaza tana ƙin tsaba. Sai tsakiyar damina, sa'ad da hatsi ya yi kore shar a gona amma rumbunan gida sun zama in ka leƙa ka yi magana muryarka za ta dawo maka, sa'ad da mata ke dafa tafasa da yaɗiya su yayyafa ɗan gari a kira shi abinci. A lokacin ne ake fasa lakar. Kaka ce ke riƙe ƙwaryar rabo. Matan da mazansu suka mutu su ne na farko, sai masu jinya, sai gidan da yara suka fi ƙarfin tukunya. Ba ta taɓa tambayar kowa inda yake duba in zai yi addu'a ba. Takan ce, “Yunwa ba ta salla, ba ta zuwa majami'a. Arniya ce, kowa take ci.” Babbar ƙawarta ma musulma ce, wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli da muke kira Gwaggo. Su zauna a gindin rumbu suna gardama kan wanda zai riga wani shiga aljanna, Gwaggo ta ce, “In kin zo ƙofa aka hana ki, ki aika a kira ni, zan ce 'yar aikina ce,” Kaka ta ce, “Ke dai kawo zanenki in zuba miki, mai bakin tsiya.”

Yadda aka yi gonar ta samu, duk yaron unguwarmu ya san shi kamar sunansa. Kakana ya tafi neman maganin kuturta wani asibitin mishan mai nisa, ya dawo da guntayen yatsu da sabon addini. 'Yan'uwansa suka ce ba shi ba gādo. Sai ya nufi dajin da ke arewa da gari, inda sabara da kalgo suka haɗe, inda kura ke kuka tun la'asar. Yatsunsa ba su iya riƙe ƙota, don haka Kaka ke ɗaure masa gatari a hannu da tsumma da safe, ta kwance masa da yamma, tsumman ya jiƙe da jini. Mai garin wancan lokaci abokinsa ne tun suna kiwon awaki. Da mutane suka taso a kori kuturu da addininsa, shi ya tsaya ya ce daji na Allah ne, wanda ya sare shi ke da shi. Da masu bi suka ƙaru, kakana ya yanke mafi kyawun wurin da ya sare, mai manyan gawo, ya ce wannan na Ubangiji ne. Aka dasa gamba a iyakarsa. Ban iske kakana da rai ba, amma na iske gawon, na iske gambar, na kuma iske abin da ya bar mana wanda ya zama ajalin gonar.

Ga abin. Kowace kaka, damin farko da aka ɗaure a gonar Ubangiji ba ya shiga rumbu. Ƙofar mai gari ake kai shi, godiya ga mutumin da ya tsaya mana ranar da ba mu da kowa. Kuma ba a ɓoye ake kai shi ba. Ranar biki ce. A zaɓi zangarniyar da ta fi tsawo da cika, a ɗaure da igiyar kaba, wani ƙato ya ɗauka a ka. Matan zumunta, ƙungiyar matan majami'a, su sa zanensu iri ɗaya, su rungumi tulunan kiɗa suna buga bakinsu, bum, bum, har cikin ciki kake jinsa. Mu yara a gaba, bakinmu baƙi da tumun da muka gasa. Mu ratsa gari ta gaban masallaci, ta gaban mahauta, muna waƙa:

Wanda ya ba da ruwa shi ya ba da hatsi,
Mu dai hannu ne, mu dai hannu ne.

Matan gari su leƙo ta kan danga suna guɗa, yaran gari su bi mu, wasu har sun iya amshin. A duniya ban san ranar da na fi so kamar wannan ba. Yanzu kuwa in na tuna ta sai in ji kamar in mari kaina, in mari duk wanda ke cikin jerin.

Don kuwa a ƙasarmu dami a ƙofar mutum yana da wata ma'ana, kuma ba wanda bai san ta ba. Wanda aka ba aron gona, in ya yi girbi yakan kai wa mai gonar dami ɗaya. Ba kuɗin haya ba ne, tuni ne, don kada shekaru su yi yawa a manta mai abu. Manyanmu sun sani sarai. Amma suna ganin nasu daban ne, tunda duk gari ya san labarin gatari da tsumma. Tsohon mai gari da kansa ya gaya musu, a gabana. Ina tsugune kusa da buzunsa ina kallon carbinsa, ya tsufa har rawani ya yi masa nauyi. Aka dire dami, kiɗa ya tsaya, ya dubi Kaka.

“Matar kuturu, kin sake tara mini gari.”

“Ranka shi daɗe, in ba mu tara maka ba wa zai tara maka? Kai da ko kare bai bin ka.”

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya rage murya. “Ki ji ni da kyau. Ku bar kawo damin nan. In ya zama dole, a zuba a buhu a kawo kamar kowace gaisuwa, ba kiɗa. Ni na san sunanshi. Bayan raina wani zai raɗa mishi wani suna.”

Kaka ta ce, “Alheri ne ko sata, da za mu ɓoye shi? Mai gidana ya ce a kawo da rana, da rana za a kawo. Alheri danƙo ne, ranka shi daɗe.”

“To,” in ji shi. “Na dai faɗa.”

Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Na ji wannan karin magana har ya gundure ni. Namu ya faɗi, kuma ƙasar da ya faɗa a kai ma aka tafi da ita.

Ina kolej a Agiye tsohon ya rasu, aka naɗa ɗansa. A shekarun nan ne aya ta yi daraja. Masu kuɗi daga birni suka bazu ƙauyuka suna neman gona mai rairayi, suna saye a haɗe, su shuka aya, su loda ta a manyan motoci zuwa ƙetaren iyaka. Gona kuwa ta riga ta yi wa mutane kaɗan. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, jikoki sun yayyanka ta har ta zama kamar tabarmi. Na dawo hutu da rani na tarar ana raɗe-raɗi: an sayar da gonar Ubangiji ga wani attajiri da ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa, wakilinsa kawai ke zuwa a kan babur. Mutanenmu suka ce a zauna. Aka zauna a ƙofar mai gari, daidai inda muke dire dami. Maza a gaba, mu mata can baya a jikin danga. Sabon mai gari mutum ne mai fara'a, wannan ma ya fi ba ni haushi. Bai ɗaga murya ba. Ya dubi mai bisharar da ke jagorantar majami'armu, wani salihin bawan Allah da ko kaza ba ya iya kora da ƙarfi.

“Malam, kai mutum ne da bai ƙarya, duk gari ya shaida. Kuna kawo dami ƙofar gidan nan, ko ba ku kawowa?”

“Muna kawowa, ranka shi daɗe, amma dalilin…”

“Za mu zo ga dalili. Kowace kaka?”

“Kowace kaka.”

“A ɓoye ko a fili?”

“A fili.”

“Har da kiɗa,” in ji wani daga cikin taro. Aka yi dariya.

“To, jama'a, ku kuka san al'ada, ni yaro ne. Mai kai dami ƙofar wani duk shekara, mi sunanshi a garin nan?”

Ba su amsa da ƙarfi ba, amma sun amsa. Mai aro.

Mata ba sa magana a irin wannan zama. Kaka ta miƙe, ta ratsa maza da sandarta kamar mai ratsa tumaki, ta tsaya a gabansa ba ta durƙusa ba.

“Kai, ɗan nan. Shekarar da fara ta cinye gari, kunun wane hatsi uwarka ta dama maka?”

“Inna, ki zauna.”

“Ba ni zama. Na ce na wane rumbu ne? Ubanka ya san sunan damin nan, kai ma ka san shi. A cikin Littafinmu akwai sarkin da ya yi kwaɗayin gonar talaka. Ya samu. Je ka tambayi Malam yadda ya ƙare.”

Ya yi murmushi. “Inna, ni ba sarki ba ne, kuma ban kashe kowa ba. Abin ubana na saida.”

Sai ga Gwaggo mai ƙuli ta taso ita ma, tana jan ƙafa. Ta ce ita musulma ce, a kawo abin rantsuwa ta dafa. Da idonta ta ga kuturu da gatari ɗaure a hannu, lokacin wurin nan ko makiyayi ba ya shiga. Wakilin attajiri, wanda tun da aka zauna yake wasa da makullin babur, ya ɗago kai.

“Gwaggo, ba ke ce ke kai zane gindin rumbunsu duk damina ba?”

“Ni ce. Sai mi?”

“To wanda ya ci hatsin mutum, mi zai ce in ba abin da mai hatsi ke so ba?”

Nan maganar ta mutu. Ku duba wannan abu da kyau, don ni har yau in na juya shi kaina ke ciwo. Duk tsohon da ya isa ya ba da shaida, ya taɓa ci daga rumbun nan, shi ko uwarsa ko 'ya'yansa. Duk wanda ya ci kuma, an ce bakinsa ya mutu. Damin godiyarmu ya zama shaidar aro, rabonmu ya kashe mana shaidu. Da mun kasance marowata, masu cin namu mu kaɗai a bayan danga, da yau gonar tana hannunmu. Maza sun je buro, ofishin hukuma, a birni, an ce su kawo takarda. Daji ba ya ba da takarda. Suka dawo da ƙurar hanya.

Ran Lahadin da ta biyo baya Malam ya yi wa'azi a kan haƙuri. Ya ce dukiyarmu tana sama, inda gara ba ta ci. Ban zarge shi ba, tsoro yake ji. Mu kaɗan ne, kuma ya san yadda ƙaramar magana kan zama wuta in an sa mata sunan addini. Amma Kaka ba ta bari ya kai amin ba. Daga kan bencin mata ta ce, “Malam, wanda ya koya mana mu roƙi abincin yini, ya san da ciki. Ba don kaina nake magana ba, ni na kusa. In damina ta raba tsakiya matan nan suka zo da zane, sama zan nuna musu?” Malam ya sunkuyar da kai ya ce a tashi a yi addu'a.

Da ruwan shuka ya sauka, ran wata Laraba, ƙarfe ya yi ƙara da muryarsa ta gaggawa. Kaka ce ta buga shi da kanta. Maza ba su fito ba, sun ce kada a ja wa unguwa fitina, babana ma yana cikinsu, kuma na daɗe ban yafe masa ba. Mata suka fito da zanen zumunta da tulunansu, Gwaggo da wasu matan gari suka biyo mu. Muka je muka zauna a tsakiyar gonar, ƙarƙashin babban gawo, a kan jiƙaƙƙen rairayi mai ƙamshi. Ma'aikatan attajiri sun riga sun iso da shanun huɗa. Muka fara waƙarmu, mu dai hannu ne, mu dai hannu ne. Jinina yana tafasa, ina jira a zo a taɓa mu, ina so ma a taɓa mu. Ba wanda ya taɓa mu. Wakili ya ce wa masu shanu su kewaye. Suka yi ta huɗa suna zagaya mu, garma na tsinke saiwar gambar iyaka, ƙasar da muke zaune a kai tana ƙanƙancewa. Yaran da ke riƙe da shanun 'ya'yan garinmu ne, ba sa iya haɗa ido da iyayensu. Rana ta take. Gawo kuwa kowa ya sani ba shi da ganye da damina. Jarirai suka fara kuka. Wata ta ce ta bar hatsi a turmi. Wata ta ce ba ruwa a gidanta. Wata ta tuna mijinta na can tasu gonar shi kaɗai, ga danshi zai wuce. Ɗaya bayan ɗaya suka tashi, kowacce tana ba da haƙuri kamar ta yi sata. Mutane na zaton jandarma ne ke tashin talaka daga inda ya zauna neman hakkinsa. Mu ba jandarma suka tashe mu ba. Daka ne ya tashe mu, da rijiya. Da la'asar saura mu uku, ni da Kaka da Gwaggo, a kan ɗan tsibirin da bai fi shimfiɗar tabarma ba. Muryar Kaka ta dushe, tulu kawai take bugawa. Na ce mata cikin fushi, “To mi muka samu?” Ta ce, “Kukan talaka hayaƙi ne, ƙawata. Bai ƙona kowa, amma sama ya nufa.”

Da kaka ta zo ta yi abin da ba wanda ya zata. Ta bi gonakin mutane ta tsinci karan hatsi wanda aka riga aka yanke wa kai, ta jera shi tsaf, ta ɗaure da igiyar kaba irin ɗaurin damin farko. Ta sa zanen zumunta, ta ɗauka a ka, ta ratsa gari ta gaban masallaci, ta gaban mahauta, wasu mata na bin ta da tulu. Ta dire a ƙofar mai gari ta ce, “Ranka shi daɗe, ga daminka na bana. Abin da gonar Ubangiji ta ba matan da ba su da maza ke nan, mun kawo maka na farko.” A wannan shekara gari ya girgiza. Mai gari ya shige gida bai fito ba sai da duhu, aka yi ta maganar a kasuwa har garin Gazawa. Na ɗauka wani abu zai faru. Ba abin da ya faru. Shekara ta zagayo ta sake kaiwa, masu bin ta sun ragu. Ta sake kaiwa, sun ƙara raguwa. Daga baya ita kaɗai ce da tulun da ba mai buga mata, mutane na cewa tsufa ne. Duk lokacin da nake gida nakan bi ta, amma ina tafe ina jin kunya, ina kuma jin haushin kunyar.

Yanzu je ka ga gonar. An sare gawon don inuwa ba ta yi wa aya daɗi, in ji su. Da kaka a cinna wa ganyen wuta, ƙasa ta yi baƙi, sannan a kira mata tankaɗe. Matan da suka zauna da mu a ƙarƙashin gawo, su ne a can, sun ɗaure hanci da gyale, suna tankaɗe rairayi da toka a rariya daga safe har yamma don a ba su ladan yini. Su dawo fari fat kamar an tono su, suna tari har cikin sujada. Ba na ganin laifinsu, ni ma na yi tankaɗen nan da na bar lakol, na ajiye karatu, ban samu abin yi ba. Rumbun bayan majami'a ya rushe, awaki ke kwana a gindinsa. Samarin da ke ɗaukar dami suna Agadas, suna Libiya, suna Najeriya, wasu ana jin muryarsu a waya, wasu ba a ji. Da, in damina ta raba tsakiya mace ta san inda za ta kai zanenta. Yanzu sai ta kai akuyarta kasuwa, in ta ƙare ta kai tukunya. Gwaggo mai ƙuli ta rasu a irin wannan lokaci. An ce zazzaɓi ne, ba yunwa ba. Na yarda. Amma zazzaɓi ya san gidan da yake shiga. Ana ce mini mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Mu mun dafa, ruwan ya ƙone, dutsen na nan.

Kaka ta bi ƙawarta da bazarar bana. Ba ta bar mini wasiyya ba, ba ta ce in ci gaba da komai ba. Ni ma ban san inda na tsaya da Allah ba. Ina zuwa sujada, ina waƙa, amma in aka zo wurin da ake cewa yana jin kukan matalauta sai in ji bakina ya yi nauyi. Duk da haka da aka gama girbi na kasa zama. Na tsinci kara, na ɗaure. Ɗaurina bai yi kyau ba, gaggawa ta hana, sai da ya kwance mini sau ɗaya a gaban mahauta na tsaya na sake. Na nemi wadda za ta buga mini tulu, kowacce tana wajen aya. Na sa zanen Kaka na tafi ni kaɗai. Ba wanda ya leƙo ta danga. Wasu yara suka bi ni kaɗan, suka ga ba abin kallo, suka koma wasansu.

Mai gari ba ya nan, an ce ya tafi Maradi. Na tsaya a ƙofar da damin a kaina, da maganar Kaka a bakina na shirya ta tsaf, ba wanda zan gaya wa. Sai ga wata yarinya ta fito daga gidan, matar ɗansa ce, baƙuwa daga wani gari, ba ta fi ni shekaru ba. Ta gaishe ni da ladabi, ta taimaka mini na sauke.

“Sannu, baiwar Allah. Na saidawa ne?”

“A'a. Na mai gari ne.”

Fuskarta ta washe. “Kai, an gode, Allah shi saka da alheri! Wallahi kamar kin sani, tun safe nake neman na hura wuta.”

Ta rungumi damin ta shige. Mi zan ce mata? Daga ina zan fara, daga gatari ko daga tsumma?

Ban tafi nan da nan ba. Na koma jikin dangar da muka tsaya ranar shari'a, na jira. Ba a daɗe ba hayaƙi ya taso daga madafin gidan, fari, siriri, irin na busasshen kara. Na ɗaga kai ina bin sa da ido, in ga ko maganar Kaka za ta fito. Ya tashi ya wuce kan danga, ya kai tsayin bedi. Sai iska ta kwantar da shi, ta ja shi arewa, wajen gonar aya, inda ya gauraye da ƙurar masu tankaɗe har na kasa gane wanne ne namu.